Rumbun Iska a Ƙarƙashin Ƙasa: Darasi Daga Rijiyoyin Ƙaraye da Rogo

Duk mai haƙar rijiya a ƙasar Ƙaraye da Rogo ya san cewa ƙasa hawa-hawa ce. Idan ya kau da ƙasar noma ta sama, sai ya tarar da jar ƙasa ko marmara. Idan ya ƙara nutsawa, sai ya iske ruɓaɓɓen dutse wanda diga ke farfasawa ba da wata wahala ba, a nan ne kuma ruwa ya fi tsattsafowa. Ƙasa da wannan kuwa sai dutse tsagwaro mai mayar da bakin diga baya. Tambayoyin da mai haƙa ke yi wa kansa ba su wuce uku ba: ina ruwan yake kwance, yaya yawansa, kuma ta wace hanya yake bi ya iso rijiya?

Waɗannan tambayoyi su ne dai wasu masana kimiyyar ƙasa da injiniyoyi ke fama da su a yau, sai dai su aikinsu a juye yake. Maimakon fito da abu daga ƙasa, so suke su tura wani abu cikinta, su kuma tabbatar ya zauna can shekaru dubbai. Abin da ake turawa shi ne iskar kabon-dayoksaid, wadda za a riƙa kira iskar kabon a nan don taƙaitawa. Da yake babu idon da ke ganin abin da ke gudana a zurfin kilomita guda, sai a sa kwamfuta ta kwaikwayi tafiyar iskar tun kafin a huda ƙasa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake wannan kwaikwayo, da irin dutsen da ya dace da aikin, da kuma dalilin da ya sa na Ƙaraye da Rogo bai dace ba.

Me ya sa ake son binne iska?

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa iskar kabon ba baƙuwa ba ce. Mutum da dabba suna fitar da ita a numfashi, tsirrai kuma suna zuƙar ta su haɗa abincinsu da taimakon hasken rana. Fetur da gas da kwal kuwa ragowar halittu ne da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi da suka shuɗe. Ƙona su yana sako kabon ɗin da ya daɗe a ɓoye, da saurin da ya fi ƙarfin dazuzzuka da tekuna su shanye.

Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar duniya, kimanin kashi 280 ne na kabon. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a tsaunin Mauna Loa na Hawayi a 1958, adadin ya kai wajen 315. A 2023 ya haura 420. Ita wannan iska tana tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya, kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki. Manomin da ya dogara da damina ɗaya a shekara shi ne kan gaba wajen jin jiki idan zafi ya tsananta ko ruwa ya rikice.

Ana iya samun wutar lantarki daga hasken rana ba tare da hayaƙi ba, amma akwai sana'o'in da sauya makamashi bai raba su da iskar kabon. Misali shi ne siminti. Ana yin sa ne ta hanyar gasa farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, kuma ita kanta farar ƙasar tana ƙunshe da kabon. Duk kilo 100 na tsantsarta da aka gasa, kilo 44 ne ke tashi a matsayin iska, ban da hayaƙin makamashin da aka yi gashin da shi. Don irin waɗannan masana'antu ne aka yi tunanin tare iskar a bakin bututu, a matse ta, a mayar da ita inda kabon ya fito tun asali.

Dutse mai shan ruwa

Mutane da yawa suna zaton akwai kogo ko tafki a ƙarƙashin ƙasa inda ruwa da mai suke taruwa. Ba haka abin yake ba. Suna zaune ne a cikin ƴan mitsi-mitsin kafofi da ke tsakanin ƙwayoyin dutse, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. Malami na iya nuna wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A cika gwangwani da busasshen yashi, a riƙa zuba ruwa a hankali ana aunawa har ya bayyana a sama. Za a ga yashin ya shanye ruwan da ya kai wajen sulusin gwangwanin, alhali ana ganin a cike yake. Wannan shi ne yawan kafofi.

Amma samun kafofi daban, haɗuwarsu da juna daban. Laka tana da kafofi da yawa, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa su sai da ƙyar. Shi ya sa kududdufi mai laka ke riƙe ruwa har bayan damina, rairayin kogi kuwa nan da nan ya tsotse shi. Wannan siffa ta biyu ita ce sauƙin ratsawa.

Saboda haka rumbun iskar kabon yana bukatar abubuwa uku. Na farko, shimfiɗar dutsen yashi mai kauri, mai yawan kafofi da sauƙin ratsawa, wadda ruwan cikinta na zartsi ne da ba ya shayuwa. Na biyu, marufi, wato shimfiɗar dutsen laka a samanta wadda ba ta tsage ba. Na uku, zurfi, wanda akasari ake so ya wuce mita 800.

Batun zurfin yana da dalili. Duk mita 10 da aka nutsa cikin ruwa, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama ɗungum, zafin ƙasa kuma yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Idan zafi ya wuce digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, matsi kuma ya ninka na sararin sama kamar sau 73, iskar kabon takan shiga wani hali na tsaka-tsaki: ta yi nauyi kusan kamar mai, amma tana kutsawa cikin kafofi kamar iska. Tan ɗaya nata a doron ƙasa yana cika fiye da kubik mita 500, wato babban zaure mai mita 8 ta kowace fuska. A can ƙasa kuwa bai kai kubik mita 2 ba, abin da durom goma zai ɗauka. Duk da haka ruwa ya fi ta nauyi, don haka kullum neman hanyar sama take yi. Marufi ne kaɗai ke tare ta.

Me ke ƙarƙashin Ƙaraye da Rogo?

Yammacin jihar Kano, har da Ƙaraye da Rogo, yana zaune ne a kan tsohon dutsen da masana ke kira dutsen tushe. Shi ne irin wanda ake gani ya ɓullo a matsayin fa ko tsauni, kuma shekarunsa sun haura miliyan 500. Ba daga yashi ya samu ba. Narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa, ko wanda zafi da matsi suka sauya wa kama, don haka ƙwayoyinsa a manne suke, kafofinsa ba su cika kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Ruwan da ake samu a yankin yana zaune ne a ruɓaɓɓen ɓangaren sama da kuma cikin tsage-tsagen dutsen. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a samu ruwa a wani gida, a matsa gaba kaɗan a haƙa a tashi a tutar babu: ɗaya ta dace da tsaga, ɗayar ta kuskure. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa Kano ta dogara ƙwarai da tara ruwa a sarari, kamar madatsar Tiga ta 1974 da ta Chalawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992.

Idan aka auna wannan dutse da sharuɗɗa ukun nan, sai a ga bai cika ko ɗaya ba. Inda yake da kafofi ba shi da zurfi, inda yake da zurfi ba shi da kafofi, kuma babu shimfiɗar laka da za ta zama marufi. Iskar da aka tura cikinsa tsagar da ruwan sha ke bi ita ma za ta bi.

Wuraren da ake sa rai su ne manyan kwaruruka inda yashi da laka suka daɗe suna taruwa hawa-hawa. A Nijeriya akwai kwarin Chadi da ya fi kauri a Borno, da kwarin Sakkwato wanda ya miƙa cikin Nijar, da kwarin Binuwai wanda a reshensa na arewa, a Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a 2019. Sai kuma yankin Neja Delta, inda aka fi sanin abin da ke ƙasa saboda dubban rijiyoyin mai da aka haƙa tun daga Oloibiri a 1956. To amma a kwarin Chadi da na Sakkwato akwai shimfiɗu masu ruwan daɗi da garuruwa ke sha, waɗanda ba za a yarda iska ta kusance su ba. A nan ne aikin kwamfuta ke shigowa.

Yadda kwamfuta ke kwaikwayo

Tushen lissafin ya girmi kwamfuta da shekara wajen ɗari. A 1856 wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon ruwan famfo, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi na tura ruwa ta cikin bututu cike da yashi. Ya gano cewa saurin gudun ruwan ya dogara ne da bambancin matsi tsakanin bakin bututun biyu, da tsawon yashin, da kuma sauƙin ratsa shi. Ƙa'ida ta biyu kuwa kowane ɗan kasuwa ya san ta: abin da ya shigo, a debe abin da ya fita, shi ne abin da ya rage.

Mai noman rani a bakin Chalawa zai fi kowa saurin gane sauran bayanin. Yakan raba gonarsa fangali-fangali, ruwa ya cika wannan ya gangara wancan. Haka manhajar kwamfuta ke yi wa dutse. Takan yanka shi gida-gida kamar tubalan gini, gefe da gefe da kuma sama da ƙasa. Kowane gida a ba shi nasa adadi: yawan kafofinsa, sauƙin ratsa shi, matsinsa, zafinsa da zartsin ruwansa. Sai a nuna gidan da rijiya ta faɗa, a ce ana tura tan kaza kowace rana. Kwamfuta ta lissafa abin da zai tsallaka daga kowane gida zuwa maƙwabtansa shida cikin kwana ɗaya, ta rubuta sabon hali, ta sake lissafin kwana na gaba, har ta ƙirga shekara ɗari ko dubu.

Ga misali na aji, wanda ba na wani wuri takamaimai ba ne. A ɗauka akwai shimfiɗa mai tsawon kilomita 10, faɗin kilomita 10, kaurin mita 100. Idan kowane gida mita 100 ne tsawo da faɗi, mita 5 tsayi, za a sami gidaje 200,000. Girman dutsen duka kubik mita biliyan 10 ne. Idan kafofinsa kashi 20 cikin ɗari ne, sarari ya zama biliyan 2. Amma ruwa ya riga ya cika wannan sarari, iska ba za ta iya ture shi duka ba. Idan ta sami kashi 2 cikin ɗari kawai, kubik mita miliyan 40 ke nan, kowanne kuma yana ɗaukar kamar kilo 700. Jimla tan miliyan 28. Wannan lissafi ɗalibi zai iya yin sa a allo. Abin da ba zai iya ba sai da kwamfuta shi ne faɗin inda iskar za ta nufa, da yadda matsi zai hau, da ko marufi zai jure.

Manhajojin da ake wannan aiki da su suna da yawa. ECLIPSE ta fito ne daga masana'antar mai tun shekarun 1980. TOUGH2 an haɗa ta ne a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka. Akwai kuma MRST ta cibiyar SINTEF a Norwe, da OPM Flow, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta daga intanet. Dukkansu suna nuna hanyoyi huɗu da iskar ke maƙalewa. Da farko takan taso ta taru a ƙarƙashin marufi. Tana tafiya tana barin ƴan ɗigo-ɗigo da suka maƙale a kafofi. Sannu a hankali wani kaso ya narke cikin ruwan zartsi, kamar gas ɗin da ke cikin lemon kwalba, ruwan ya ƙara nauyi ya nutse ƙasa. Daga ƙarshe, bayan ɗaruruwa ko dubban shekaru, wani kaso ya haɗu da ma'adinai ya zama dutse.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kwamfuta ba ta san dutse ba, abin da aka gaya mata kawai take juyawa. Bayanan kuwa daga ƴan rijiyoyi kaɗan ake samun su, da guntayen dutsen da aka zaƙulo, da kuma awon amsa-kuwwa, inda ake aika girgiza cikin ƙasa a saurari yadda take dawowa. Tsakanin rijiya da rijiya sai kirdado. Wurare biyu sun nuna iyakar wannan kirdado.

Na farko shi ne Sleipner, filin gas na ƙasar Norwe da ke cikin teku. Gas ɗin wurin yana gauraye da iskar kabon kimanin kashi 9 cikin ɗari, dole a rage ta kafin a sayar. Bayan gwamnati ta sa harajin fitar da kabon a 1991, kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya fara tura iskar a 1996 cikin shimfiɗar yashi mai suna Utsira, a zurfin kusan kilomita ɗaya, wajen tan miliyan ɗaya a shekara a farkon aikin. An zaci za ta taso kai tsaye ta taru wuri guda. Da aka sake awon amsa-kuwwa a 1999, sai aka ga ta rabu hawa-hawa, har hawa tara, saboda wasu siraran shimfiɗun laka da awon farko bai iya gani ba. Daga baya kuma hawan ƙarshe ya miƙe arewa da saurin da ya wuce hasashe, yana bin tudu da kwarin da ke jikin marufi. Iskar ba ta tsere ba, amma sai da aka yi ta gyara lissafin har ya dace da abin da aka auna.

Na biyu a Afirka yake, a In Salah cikin hamadar Aljeriya, hanyar da ayarin fatake suka daɗe suna bi. Daga 2004 kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil suka tura kimanin tan miliyan 3.8 cikin shimfiɗa mai kaurin mita 20 kacal, a zurfin wajen mita 1,900. Dutsen wurin ba shi da sauƙin ratsawa, don haka matsi ya hau. Tauraron ɗan Adam ya nuna doron ƙasa a saman rijiyoyin yana kumbura da ƴan milimita kowace shekara, kuma siffar kumburin ta nuna alamar tsaga ta buɗe a ƙasan marufi. An dakatar da turawa a 2011. Darasin da aka koya shi ne ba yawan sarari kaɗai ake dubawa ba, har da yawan matsin da dutse zai iya ɗauka.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari, ta kuma fi iskar shaƙa nauyi, don haka kwari take bi. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke Kamaru ya amayar da iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa daga dutse mai aman wuta, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Wannan ba aikin ɗan Adam ba ne, kuma iskar da ke rarrabe cikin kafofin dutse ba ta iya fitowa gaba ɗaya kamar ta tafki. Haɗarin rumbun ƙasa ya fi karkata ga yoyo a hankali ta tsohuwar rijiya ko tsaga, wanda ke iya sa ruwan sha ya yi tsami ya narkar da ma'adinai masu cutarwa. Rigakafi dai ya fi magani.

Kammalawa

Binne iska ba shi ne maganin ɗumamar duniya ba shi kaɗai. A 2023 duniya ta fitar da kimanin tan biliyan 37 daga makamashi da masana'antu, alhali duk wuraren kama iskar da ke aiki a lokacin ƙarfinsu bai wuce wajen tan miliyan 50 a shekara ba. Nijeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba. Idan za a cika wannan alkawari, kowane yanki da irin gudummawarsa. Ta Ƙaraye da Rogo ba a zurfin ƙasa take ba, tana jikin ɗorawa da kaɗanya da gawo da aka bari a gona, da takin da aka mayar wa ƙasa, domin su ma rumbun kabon ne.

Amma ilmin kansa yana da amfani a gida tun yanzu. Ƙa'idar Darcy da ke bin sawun iska a Sleipner ita ce cikin MODFLOW, manhajar da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984 don lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da irinta ake ƙiyasta burtsatse nawa unguwa za ta ɗauka kafin rijiyoyi su ƙafe, da nisan da ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya. Ana koyar da ilmin ƙasa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma ƙofar shigarsa ita ce lissafi da fizis da kemistiri na sakandare. Ranar da za a zo da maganar binne iska a Borno ko Sakkwato ko Kolmani, al'ummar wurin za su bukaci ƴaƴansu da za su iya buɗe lissafin su tambaya: rijiya nawa aka haƙa kafin a cika waɗannan gidaje da lambobi, kuma wa zai ci gaba da awo bayan an rufe rijiyar? Ba a fafe gora ranar tafiya.